Amsar Kaka Kan Ɗakin Da Ya Hana Ka Barci

Jikana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini bayan la'asar, ita ce kuma take rubuta wannan. Ka ce ka sauka a wani masauki a cikin birnin Kano, tsohon gidan ƙasa da aka yi wa kwaskwarima, ka ji takun sawu a saman soro, can tsakar dare kuma wani abu ya danne ka. Kana son sanin abin da mutanenmu suke yi in sun sauka a baƙon ɗaki, da yadda za ka gano asalin gidan. Na yi dariya har da tari. Kai ne fa mai cika bakin za ka ƙwace mini mata!

Abin da ya kama ka dannau ne, ya fi samun mai gajiya da ya kwanta rigingine. Takun sawu kuwa, haka rufin azara yake: rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, sai ya riƙa ƙara. Ga jemagu, ga gafiya. Ina saurayi, zamanin dalar gyaɗa, na hau jirgin ƙasa daga Ringim na sauka gidan wani fatoma a Fagge. Na kwana ina karanto duk abin da na haddace saboda wani numfashi a bayan ƙyaure. Gari na wayewa, ashe tunkiyar maigidan ce.

Ban ce babu mutanen ɓoye ba, Alƙur'ani ya ambace su. Shi ya sa ko ɗaki babu kowa sai ka yi sallama, ka shiga da bisimilla. Ka kakkaɓe shimfiɗa kafin ka kwanta, ko don kunama. Kada ka sheƙa ruwan zafi a makwarara ba ka ambaci sunan Allah ba. Ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka kwanta ta gefen dama.

Amma babbar al'adar, wadda otal ya kashe, ita ce baƙo ba ya kwana gidan da bai san mai shi ba. Fatake in sun iso zango, fatoma ne zai tarbe su, a gaisa a zaure, a ci tuwo tare, kafin a nuna musu makwanci. Kai kuwa kuɗi ka miƙa aka ba ka mukulli. Ba ka san wanda ya ɗora tubalin ba, ba ka san wanda aka haifa a ɗakin ba. Ina zuciya za ta kwanta?

To, ka sayi goro ka fara da mai unguwa. Kada ka buɗe baki da zancen aljanu, ko su yi gum ko yara su shirga maka tatsuniya. Cewa za ka yi, “Ranka ya daɗe, gidan su wa ne wancan?” Daga nan sai liman. In an yarda maka, tsofaffin matan unguwa sun fi kowa, su suka san inda aka cike rijiya da shekarar da aka raba gado. Tsohon magini kuma kaurin bango da shirin azara kawai zai duba ya kintata maka zamanin ginin. Wasu tsofaffin gidajen birni akwai kaburbura a ciki, don a da akan binne malamai da manya a gida. In an nuna maka, addu'a za ka yi, ka mayar da wayarka aljihu.

Sai ka leƙa Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne. Ka je Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909. In gidan naka ya taɓa shiga hannun Turawa bayan 1903, takardunsu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko da yake su haraji da iyakar fili suka fi damuwa da rubutawa.

In ka samo sunan mai gidan ka aiko mini, wataƙila na san zuriyarsa tun zamanin awon gyaɗa. Kakarka tana gaishe ka, ta ce in tsoron bai sake ka ba ka taho ta goya ka.