Kashin Shanu Zai Iya Ba Da Gas Ɗin Girki?

Malam, ka tambaya ko kashin shanun da ake zubarwa a kwata zai iya ba da gas ɗin girki. Zai iya, amma sai da haƙuri. Ana dama ɗanyen kashin da ruwa daidai wa daida, a zuba a tankin da iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi, bayan 'yan makonni gas ya taru. Zafin Kano na taimakawa, sai dai da hunturu aikin kan ja baya. Ka guji busasshen kashi da ruwan sabulu. Ruwan ma abin lissafi ne a unguwanninmu. Batun haɗa bututu kuwa, don Allah nemi injiniya, domin yoyon gas na jawo gobara.