Ina ake sa kalmar "proclaimed" a jimlar Turanci?

Ɗan'uwa, ka ce kana rikita "proclaimed" da "said" da "announced", kana son sanin inda kowace ta dace. To, ka tuna da sanƙira a ƙofar fada. "Proclaimed" shela ce da mai iko yake yi a bainar jama'a, kuma maganar tana da nauyin doka ko sarauta.

Ana yawan ganinta a sigar da ba a ambaci wanda ya yi shelar ba. Misali: "Charles III was proclaimed King in September 2022." Wato an shelanta shi sarkin Birtaniya. Lura, ba a buƙatar "as" kafin muƙamin. Haka ma ranar da ƙasa ta sauya matsayi: "Niger was proclaimed a republic on 18 December 1958."

Tana kuma ɗaukar "that", ko suna ya biyo ta kai tsaye: "He proclaimed his innocence", ya fito fili ya nanata cewa ba shi da laifi.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ɓata ta a ƙananan abubuwa. Sanarwar lokacin jarrabawa ko tashin jirgi, "announced" ce ta dace. Sai kuma "self-proclaimed": mutumin da ya naɗa wa kansa rawani, ba wanda ya ba shi.