Amsa ga mai tambaya kan zuwa kallon sukuwa a Dubai ko Ingila

Assalamu alaikum. Alhaji, ka ce kuɗin da ka ware na tafiya ɗaya ne, kuma kana so ka san inda ya fi dacewa ka fara zuwa tsakanin Kofin Duniya na Dubai da sukuwar Royal Ascot ta Ingila. Na halarci duka biyun, kuma idan dawakai ne suka kai ka, shawarata ita ce ka fara da Dubai.

Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum ne ya kafa gasar Dubai a 1996, aka fara ta a filin Nad Al Sheba, inda wani dokin Amurka mai suna Cigar ya ci ta farko, sannan aka mayar da ita filin Meydan a 2010. Babban tseren na mita 2,000 ne a kan ƙasa, da daddare a ƙarƙashin fitilu, kuma kyautarsa dala miliyan 12 ce. Sai dai ka sani tun daga gida cewa cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ake gama shi, don haka wanda ya je domin wannan tseren kaɗai zai dawo yana ganin an cuce shi. Daɗin ranar yana cikin sauran tseren da ake jerawa tun da yamma, musamman Kahayla Classic, wanda na dawakan Larabawa ne zalla. A nan ne za ka ga doki mai ƙaramin kai da faɗin goshi da wutsiya a ɗage, wanda ya fi kusa da abin da idonmu ya saba gani a bargar sarakuna, ba kamar dogayen dawakan Turawa ba, waɗanda aka yi shekaru ɗaruruwa ana tace jininsu domin gudu kawai.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wurin tsayuwa. Mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan kujerar sama mai abinci da na'urar sanyaya ɗaki, su wuni suna kallon tseren ta allo kamar suna gida. Mai son doki yana sauka ne zuwa da'irar da ake zagayawa da dawakai kafin mahaya su hau. A can za ka ga wanda gumi ya jiƙa wa wuya tun bai fita ba, da wanda yake taunar linzami yana fizge mai riƙe da shi, da wanda yake taku a natse kunnuwa a miƙe, kuma duk wanda ya taso da doki a gida zai iya karanta waɗannan alamomi ba tare da an yi masa bayani ba. Daga nan sai ka matsa kusa da shingen ƙarshe, domin ƙarar kofatai idan sun karyo kwanar ƙarshe ba abu ne da talabijin ke iya kawowa ba.

Akwai kuma dalilin addini, wanda na san ya dame ka ko da ba ka ambata ba. A Meydan ba a yin caca a filin, akwai wurin salla, abinci kuwa ba sai ka yi ta tambaya ba. A Ascot caca da giya suna cikin jinin taron, ta yadda duk inda ka juya za ka ga masu karɓar kuɗin caca da allunansu.

Wannan ba ya nufin Ascot ba ta da abin gani. Sarauniya Anne ce ta kafa filin a 1711, ana yin taron kwana 5 a watan Yuni, daga Talata zuwa Asabar, a kan ciyawa, kuma kullum da ƙarfe 2 na rana iyalan gidan sarauta suna shigowa cikin kekunan doki. Tseren Gold Cup na ranar Alhamis ya kai kusan mita 4,000, kuma a irinsa ne ake gane mahayin da ya iya tattalin ƙarfin dokinsa. Daga tashar Waterloo ta Landan jirgin ƙasa yana kai ka cikin kimanin awa ɗaya. Suna da tsauri a kan sutura, amma dokarsu ta yarda baƙo ya sa cikakkiyar suturar ƙasarsa, don haka babbar riga da hula sun wadatar, ba sai ka yi hayar kwat da doguwar hular Bature ba. An raba wurin 'yan kallo sashe-sashe. Sashen sarauta galibi sai ta hannun mambobi ake shigarsa. Sashen Queen Anne shi ne daidai da baƙo irinmu.

Game da shiri, kada ka sayi tikitin jirgi sai biza ta fito, domin sharuɗɗan bizar Dubai ga masu fasfo ɗin Najeriya sun sha canzawa tun 2022. Ka kuma tabbatar da ranar, domin ko da yake an saba yin gasar Dubai a Asabar ta ƙarshe ta watan Maris, a 2025 sai 5 ga Afrilu aka yi ta. Tikitin shiga ka saye shi a shafin intanet na filin da kansa, ka guji dillalai.

Idan ka ga kuɗin masauki ya yi tsada a makon gasar, ka duba ranar da suke kira Super Saturday, wadda ake yi makonni kaɗan kafin babbar ranar a filin na Meydan. Da yawa daga cikin dawakan da za su fito a gasar a ranar ake gwada su, cunkoso bai kai ba, kuma za ka samu tsayawa a bakin da'irar ba tare da an ture ka ba. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.