Tambaya da Amsa: Wai alfarmar baffansa ce ta kai Imam-ul-Haq tawagar Pakistan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni ɗan kasuwa ne ina zuwa Dubai saro kaya, yaran shagunan da muke hulɗa da su yawanci 'yan Pakistan ne kuma ba su da hira sai ta wasan kurket, to akwai wani ɗan wasa mai saka gilashi da kullum suke musu a kansa wai shi Imam-ul-Haq, wasu su ce ɗan gata ne kawai wasu su ce a'a ya iya. Waye shi ne wai, kuma da gaske alfarma aka yi masa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Ai wannan musun da ka tarar ya girmi zuwanka shagon, tun 2017 ake yin sa. An haifi Imam a watan Disamba 1995, kuma baffansa shi ne Inzamam-ul-Haq, tsohon kyaftin ɗin Pakistan wanda yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin duniya na 1992. Matsalar ita ce lokacin da aka fara kiran yaron babbar tawaga, shi baffan ne shugaban kwamitin zaɓen 'yan wasa, to ka ga ko waliyyi ne sai an yi magana, balle a ƙasar da kurket ya zama kamar siyasa.

Amma fa yaron bai faɗo daga sama ba, ya buga wa tawagar 'yan ƙasa da shekara 19 har suka je wasan ƙarshe na kofin duniya a 2014. Wasansa na farko a babbar tawaga kuwa, Oktoba 2017 a Abu Dhabi da Sri Lanka, maki 100 cif ya buga, kafin shi mutum ɗaya ne tak a tarihin Pakistan ya taɓa yin ɗari a wasan farko na yini ɗaya, wato Saleem Elahi a 1995.

Ni dai wasan da nake kafa hujja da shi shi ne na Malahide kusa da Dublin a watan Mayu 2018, wasan kwana biyar na farko a tarihin Ireland kuma na farko ga shi Imam ɗin. Pakistan na buƙatar maki 160 kacal a ranar ƙarshe, kowa na ganin an gama, kafin ka ce kwabo an fitar da masu bugun Pakistan uku ana da maki 14, filin ya rikice da ihu don Ireland sun fara jin ƙanshin abin da ba su taɓa mafarki ba, sai ga ɗan shekara 22 da gilashinsa a cikin hular kwano ya dake, shi da abokin bugunsa Babar Azam suka riƙa tsintar maki ɗaya biyu har hankali ya kwanta, ya tashi da 74 ba a fitar da shi ba. A irin wannan wurin baffa yana iya kai ka bakin fili amma ba zai tare maka ƙwallo ba. Saboda haka amsata Alhaji, wataƙila sunan gidansu ya sa an gan shi da wuri, wannan ba zan rantse ba, amma makin nasa ne.

TAMBAYA: Malam ni ban gane wannan "mai buɗe wasa" da ake ta faɗa ba, ba duk bugu ba ne? Meye bambancinsa da sauran? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Malama akwai bambanci sosai. Mutum biyu ne ke fara shiga fili su yi bugu, su ke karɓar sabuwar ƙwallo, ita kuwa sabuwa tauri ne da ita ga sheƙi, tana lanƙwasa a iska tana tsalle in ta daki ƙasa, sannan masu jifan ba su gaji ba, wasu jifansu na wuce kilomita 140 a awa. Kamar wanda aka ce ya fara shiga rafi ne ya auna zurfinsa. Idan ya jure har ƙwallon ta yi laushi na bayansa sun huta. Imam bahago ne, ya daɗe yana buɗewa da Fakhar Zaman wanda shi ma bahago ne, a Bulawayo a watan Yuli 2018 su biyun suka haɗa maki 304 a kan Zimbabwe, Fakhar ya yi 210 Imam ya yi 113.

TAMBAYA: Yallabai idan har ya iya haka me ya sa yau a kira shi gobe a ajiye shi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Yauwa, nan ne maganar take, kuma nan ne masu zaginsa da ɗan gata suke kuskuren wurin duka, don laifin Imam na gaskiya sanyin bugu ne. Bari in ba ka misali da wasan Bristol a watan Mayu 2019, ya buga 151 a jifa 131, Pakistan ta tara 358, a da can wannan ai sai a fara murna, amma Jonny Bairstow na Ingila ya fito ya zabga 128 a jifa 93 kawai suka cinye wasan da sauran jifa kusan 30 a ajiye. Wasan yini ɗaya jifa 300 ne gaba ɗaya kowace tawaga take da shi, to idan mai buɗewa ya cinye kusan rabi yana lallaɓawa, na baya dole su yi ta bugun hauka su yi ta fita. Zamani ya canja, shi kuma salonsa na mutanen da ne, shi ya sa ma a gajeren wasa na jifa 120 kusan ba a waiwayarsa.

A wasan kwana biyar inda haƙuri ke da rana ya fi sakewa, a Rawalpindi a watan Maris 2022, zuwan Ostireliya Pakistan na farko tun 1998, ya yi 157 a zagayen farko da 111 a na biyu, koda yake gaskiya filin nan a kwance yake babu abin da yake ba masu jifa, shi ya sa wasu ba su ɗauki abin da girma ba.

A kofin duniya na 2023 a Indiya abubuwa suka haɗe masa, maki ya ƙi zuwa, baffan da aka sake naɗawa shugaban masu zaɓe ya ajiye aiki ana tsakiyar gasar, aka dawo da Fakhar a madadin Imam, Fakhar ɗin kuma ya buga 126 a kan New Zealand. Ga yara na tasowa, Abdullah Shafique da Saim Ayub wanda ya buga ɗari har sau biyu a Afirka ta Kudu a Disamba 2024. Ko gasar Champions Trophy ta 2025 ba ya cikin jerin farko, sai da Fakhar ya ji rauni aka kira shi, ya shiga wasan Indiya a Dubai yana da maki 10 ya kwasa da gudu neman ƙarin ɗaya, Axar Patel na Indiya ya jefi sandunan da mai bugu ke karewa kafin Imam ya isa layi, aka fitar da shi. Shi ma baffan a zamaninsa ya yi ƙaurin suna wajen irin wannan fitar, ranar kam 'yan intanet ba su bar zuri'ar ta yi barci ba.