Jirgin bagaruwa a Kogin Nilu: amsa ga wani ɗan'uwa na Yawuri

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaya ko mu Hausawan Sudan har yanzu muna fafe kwalekwale daga gungume ɗaya, irin na maɗaci da ka taso ka gani a bakin Kwara. A'a, a nan Mai Wurno ba haka jirginmu yake ba, kuma ba sakaci ya sa ba.

Kakanninmu sun iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har suka sauka bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. A cikinsu da waɗanda suka biyo baya ta hanyar hajji akwai masunta. Sun zo da sanin ruwa, amma itacen da suka tarar ya cika bakin kogin bagaruwa ce, wadda mutanen nan ke kira sunut. Ka san halinta: gajeriya, karkatacciya, ba ta ba da gungumen da za a fafe. Sai dai tauri gare ta, ruwa ba ya saurin cin ta, shi ya sa ma aka riƙa shimfiɗa ta ƙarƙashin layin dogo.

To sai aka koyi aikin mutanen ƙasa. Kafinta zai tsaga katako gajeru masu kauri, ya ɗora wannan a gefen wancan, ya kafa doguwar ƙusa a karkace ta ratsa na sama ta kama na ƙasa. Haka zai yi ta ɗorawa har cikin jirgin ya tashi, ba tare da ya fara kafa haƙarƙari ba. Kafofin da suka rage a cusa musu tsumma, in katako ya sha ruwa ya kumbura sai ya matse. Jirgi ne mai nauyi da faɗin ciki, ba ya gudu. Saurayin Yawuri zai raina shi, har sai ya ga kogin nan a watan Agusta, lokacin da ruwan Habasha ke saukowa jajawur yana jan itatuwa.

Ba a ja-in-ja da irin wannan ruwa. Mutum biyu ke shiga, su haura sama, ɗaya ya saki kalli a gicciye, ɗaya ya riƙe matuƙai yana gyara bakin jirgi kawai, ruwa ya tafi da su da ragar gaba ɗaya. Mai riƙon matuƙan shi ne gwani, don shi ya san inda kututture ke kwance a ƙasa. Abin da ake samu ka san shi: karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa in an yi sa'a. Tsage da kawara kuwa gishiri ake zuba musu a yi fasikh, abin da baƙinmu daga gida sukan toshe wa hanci kafin su saba.

Madatsar Sinnar ta 1925 da ta Rusairis ta 1966 sun kwantar da ruwa a wurare da dama, wasu suka koma kafa raga a tsaye. Yanzu kuma dazukan bagaruwa na hannun hukuma, katako ya yi tsada, matasa sun fi son jirgin ƙarfe mai inji. Ni dai ban ga laifinsu ba, ko da yake na ƙarfe in ya huje sai an nemo mai walda, na katako kuwa tsumma da guduma sun ishe ka a tsakiyar ruwa.

Ka gaida mini Sarkin Ruwanku, ka kuma tambaye shi ko har yanzu ana samun maɗacin da ya isa fafewa a wajenku.