Ku Tambayi Lauya: Wai hukuncin Kotun Ƙoli doka ne, ko ra'ayin alƙalai kawai?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon yawancin saƙonnin da suka shigo kan Kotun Ƙoli ne, don haka masu tambayar haya da rikicin fili ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Terminus da ke Jos, kuma har yau in aka zauna a shago gardamar nan ba ta mutu ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen gwamnan Filato ta soke na 'yan majalisa duk da hujja guda, sai Kotun Ƙoli ta ce hujjar ba ta zauna ba ta bar gwamna kan kujerarsa, to su 'yan majalisar me ya hana su komawa? Ashe dokar kala biyu ce?

AMSA: Alhaji barka kadai, Allah ya kawo kasuwa. Ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don ni ma tun lokacin abin bai bar raina ba. A watan Nuwamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen gwamna Caleb Mutfwang na PDP ta ce a ba Nentawe Yilwatda na APC, dalilinta shi ne wai PDP ba ta bi umarnin babbar kotun jiha na gudanar da zaɓen shugabanninta ba, don haka ba ta da ikon tsayar da kowa. Da wannan dalilin aka cire sanatoci biyu da wasu 'yan majalisar wakilai, aka cire 'yan majalisar jiha har 16 cikin 24. Sai ranar 12 ga Janairun 2024, ranar da aka yanke ta Abba Kabir Yusuf na Kano, Kotun Ƙoli ta ce a'a, yadda jam'iyya ta fitar da ɗan takararta magana ce ta kafin zaɓe kuma ta cikin gida, APC ba ta da hurumin kawo ta, kotun zaɓe ma ba ta da hurumin saurarenta.

Su kuwa 'yan majalisa sashe na 246 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya rufe musu ƙofa. Sashen ya ce shari'ar zaɓen ɗan majalisa, na tarayya ne ko na jiha, a kotun ɗaukaka ƙara take ƙarewa, babu gaba. Ta gwamna ma da can a nan take tsayawa, gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ne ya buɗe mata hanya zuwa Kotun Ƙoli. Kuma Kotun Ƙoli ba ta miƙa hannu ta gyara shari'ar da ba a kawo gabanta ba, ko da kuwa tana ganin kuskuren ƙuru-ƙuru.

Amma ga inda abin ya fi ci mini rai. Hukuncin babbar kotu aiki biyu yake yi, yana raba gardama tsakanin masu shari'ar, sannan dalilin da aka kafa hukuncin a kai yana zama hanya ga duk kotun da ke ƙasa, in irin maganar ta sake zuwa dole su bi, ko alƙalin yana so ko ba ya so. Wannan tsarin mun gaje shi ne daga dokar Ingila, kuma shi ne ke sa lauya ya iya ce maka kai Alhaji ga yadda shari'arka za ta kaya tun kafin ka kashe kuɗi. To a maganar Filato hanyar tana nan a shimfiɗe tun kafin Nuwamba, don a watan Mayun 2023 da PDP ta kai ƙara kan takarar Kashim Shettima, Kotun Ƙoli ta faɗa ƙarara cewa wata jam'iyya ba ta da hurumin tsoma baki cikin yadda wata ta tsayar da ɗan takara. Wasu kan kawo Zamfara ta 2019, lokacin da aka zubar da ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda ba a yi zaɓen fidda gwani na ƙwarai ba Bello Matawalle ya hau, amma waccan 'yan APC ne da kansu suka kai jam'iyyarsu kotu, ba abokan hamayya ba. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Saboda haka dokar ba kala biyu ba ce Alhaji, ɗaya ce, wata kotu ce ta kauce mata a wurin da babu wanda zai iya dawo da ita kan layi, mutanen da suka bi layi cikin rana suka jefa ƙuri'a kuma su ne suka yi asara. Ni a ganina dole a duba sashen nan na 246, ko ba a buɗe duk shari'ar 'yan majalisa zuwa Kotun Ƙoli ba saboda cunkoso, a bar ƙofa ga wadda aka saɓa wa hukuncin Kotun Ƙoli a fili.

Kuma mu 'yan Filato mun taɓa ganin tsarin ya yi aiki yadda ya kamata. A Nuwamban 2006 'yan majalisa da ba su kai goma ba suka ce sun tsige gwamna Joshua Dariye, mataimakinsa Michael Botmang ya hau. Wata guda bayan haka Kotun Ƙoli ta yanke ta Rashidi Ladoja na Oyo wanda 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige a wani otal a Ibadan, ta ce kotu tana da ikon duba ko an bi matakan tsige gwamna da ke sashe na 188. Da ta Dariye ta iso a Afrilun 2007 sai aka bi sawun, aka ce kashi biyu cikin uku na 24 shi ne 16, ba a lissafa shi da waɗanda suka rage a zauren. Hukuncin bai wanke Dariye daga komai ba fa, ai daga baya a 2018 an ɗaure shi kan kuɗin jiha, abin da kotu ta kare shi ne ƙa'ida, kuma tun daga nan duk majalisar da za ta tsige gwamna sai ta ƙirga kawunanta da kyau.

TAMBAYA: Barista ina wuni. Mahaifinmu ya rasu shekara huɗu ke nan ya bar gida a Anguwan Rogo, yayyenmu maza sun ƙi a raba, wai mu mata muna gidan miji. Wata maƙwabciyata ta ce akwai hukuncin Kotun Ƙoli da ya ce mace da namiji rabonsu ɗaya ne a gado. Gaskiya ne? Mu Musulmi ne.

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Shari'ar da maƙwabciyarki take nufi ita ce ta iyalan Ukeje, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2014, Mai shari'a Bode Rhodes-Vivour ya karanta. Mahaifin ya rasu a Legas a 1981 bai bar wasiyya ba, aka so a hana 'yarsa gado da hujjar al'adar Ibo da ba ta ba 'ya mace komai a dukiyar uba, sai kotu ta ce wannan al'adar ta ci karo da sashe na 42 da ya hana nuna bambanci, don haka ta faɗi. Babban hukunci ne, mata da yawa sun samu tsayawa a kansa, har a nan Filato inda wasu al'adun ke hana mace gadon gona. Ki duba fa, daga 1981 zuwa 2014, shekara 33.

Sai dai ba a miƙa hukunci fiye da inda ya tsaya. Abin da aka kawo gaban kotu al'ada ce mai hana mace gaba ɗaya, ba a kawo maganar rabon gado na Musulunci ba kuma kotu ba ta taɓa shi ba. Ke ba ki ma buƙatar Ukeje, haƙƙinki yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 11, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, kuma aure ba ya soke shi, babu malamin da zai ce miki yana sokewa. Ku fara da dattawan gida da limamin unguwa, in yayyen sun kafe ku shigar da ƙara a kotun da ke raba gado bisa shari'ar Musulunci, wanda bai gamsu ba yana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha wadda sashe na 277 ya ba hurumin gado. Ki tafi da takardun gidan ko kwafinsu da sunayen duk magada, har da matan marigayin in suna raye. Kar ku ƙara jinkiri don Allah, in ɗaya daga cikin magadan ya rasu kafin a raba lissafin ƙara rikicewa yake.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ba lauyanci nake karanta ba. In Kotun Ƙoli ta yi kuskure shi ke nan har abada?

AMSA: Ƙanena, ga masu shari'ar kusan shi ke nan, sashe na 235 ya ce babu inda za a kai ƙarar hukuncinta. A 2020 da ta cire zaɓaɓɓen gwamnan Bayelsa David Lyon ana gobe rantsar da shi saboda takardun mataimakinsa, manyan lauyoyi sun koma suna neman ta sake dubawa, ta ƙi har ta ci su tarar miliyoyin naira. Marigayi Mai shari'a Chukwudifu Oputa ya taɓa faɗa a wata shari'a a 1989 cewa ba don ba sa kuskure ba ne suka zama na ƙarshe, zamansu na ƙarshe ne ya sa ake ɗaukar maganarsu kamar ba kuskure a ciki, kuma a nan ya yarda cewa kotun tana iya sauka daga tsohon matsayinta in wata sabuwar shari'a ta nuna an yi kuskure.

Hanya ta biyu majalisa ce. A Oktoban 2007 kotu ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas alhali bai yi kamfe a matsayin ɗan takara ba, ta ce shi ya ci zaɓen fidda gwani aka sauya shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma jam'iyya aka zaɓa. Da majalisa ta zo dokar zaɓe ta 2010 sai ta sa sashen da ya hana a ayyana wanda bai shiga duk matakan zaɓe ba. Wannan halal ne, kotu ta fassara majalisa ta gyara. Na soja ne babu kyau, a 1970 da kotu ta yanke shari'ar Lakanmi ta ce gwamnati ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da dokar soja haka kawai, sai gwamnatin Gowon ta fito da wata dokar ta shafe hukuncin.

TAMBAYA: Barista, ni malamar firamare ce a Bukuru. An ce kotu ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu, mun yi murna, amma ajinmu har yanzu yara a ƙasa suke zama. Ina hukuncin ya shiga?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Hukuncin yana nan, ranar 11 ga Yulin 2024 alƙalai bakwai suka zauna, Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36. Kotu ta ce kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa zuwa musu kai tsaye ba ta hannun gwamna ba, ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun ciyamomi ya naɗa kantomomi, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kar a ba ta kuɗi. Rabin hukuncin ya yi aiki nan take, shi ya sa kika ga jihohi suna rige-rigen yin zaɓe a ƙarshen 2024, mu ma nan aka yi na ƙananan hukumomi 17 a watan Oktoba. Rabin da ya shafi kuɗin ne aka yi ta jan ƙafa a kai wata da watanni, ana maganar buɗe asusu a Babban Banki, wasu jihohin kuma suka yi sababbin dokoki da za su dawo da kuɗin cikin asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi ta bayan gida.

Kotu ba ta da 'yan sanda nata kuma ba ita ke riƙe da baitulmali ba. Sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum bin hukuncin Kotun Ƙoli, amma masu aiwatarwa su ne ɓangaren zartarwa. Kin tuna lokacin canjin kuɗi, kotu ta ce ranar 3 ga Maris 2023 a ci gaba da karɓar tsofaffin 200 da 500 da 1000, amma sai da aka yi kwana goma kafin Babban Banki ya fito ya umarci bankuna, a tsakanin nan mai kayan miya a Farin Gada ba ta yarda ta karɓa ba don ba ta san ko banki zai karɓa daga hannunta ba.

Wasu lauyoyi suna sukar hukuncin ƙananan hukumomin, suna cewa sashe na 162 da kansa ya ambaci asusun haɗin gwiwa, don haka kotu ta wuce fassara ta shiga rubuta doka. Maganarsu tana da nauyi, kuma shi ya sa nake ganin sai majalisar tarayya da na jihohi sun gyara sashen kafin ƙurar ta kwanta. Amma har a gyara, abin da kotu ta faɗa shi ne doka.

Ke kuma abin da ke hannunki Malama, kuɗin da ake raba wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi, Jos ta Kudu tana ciki. Ku haɗu da ƙungiyar iyaye da malamai ku rubuta wa ciyaman da sakataren ilimi takarda, ku faɗi yawan yaran da yawan bencin da ake buƙata, ku ba kansilan mazaɓarku kwafi, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin kafin ku bar ofis.