Amsa kan gyaran tsohuwar tirelar faiba: daga ƙasa ake farawa

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da warhaka. Ƙanena, na saurari muryarka, na kuma ga hotunan. Ga waɗanda ba su bi zancen ba, ɗan'uwanmu ne ya sayi tsohuwar tirelar zango, ƙaramar nan mai jikin faiba da ake ɗaura wa mota a baya, mai gado da ɗan kicin a ciki. Ya ce jikinta ya koɗe, in ka shafa sai farin gari ya biyo hannunka, ciki yana warin danshi, ƙofa kuma ba ta zama daidai. Yana so ya gyara da hannunsa, shi ne yake tambaya ko ya kwashe kayan ciki kaf ya fara da fenti.

To ƙanena, ajiye gwangwanin fentin nan tukuna. Kabad ɗin ma kada ka kwance ko ɗaya sai ka gama jin wannan muryar.

Ka fara gane yadda aka ƙera ta. Irin wannan zubin ya yi suna ne da Boler, wadda Ray Olecko ya fara yi a Winnipeg ta ƙasar Kanada a 1968, 'yar ƙarama mai tsawon ƙafa 13. Daga baya su Trillium da Scamp da Casita suka bi sahu. A mazubi ake zuba jikin gida biyu, na sama da na ƙasa, sannan a haɗa su baki da baki kamar an kifa ƙwarya kan ƙwarya, a zagaye mahaɗar da ɗamara. Shi wannan jikin ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, shi ya sa kake ganin na shekara arba'in da hamsin suna yawo har yau. Abin da ke mutuwa shi ne abin da ke ƙarƙashinsa da abin da aka huda aka manna masa: ƙarfen shasi, aksil, katakon daɓe, robar taga. Saboda haka aikinka daga ƙasa zai taso, kwalliya ita ce ta ƙarshe.

Ka shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma da sukundireba. Ka tabbatar ka sa wa tayoyi waigi, kada kuma ka shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi. Ka bi ƙarfen kana ƙwanƙwasawa. Tsatsar sama ba komai ba ce, buroshin waya da fenti sun ishe ta. Wadda ke ɓarewa falle-falle, ko inda sukundireba ya nutse, wannan ƙarfen ya gama aiki. Wurin da za ka fi zuba ido shi ne inda shasin ya lanƙwasa ya fito daga ƙarƙashin jiki ya nufi wuyan da ake ɗaurawa a mota. Nan ne yake tsagewa, don duk wata girgizar hanya nan take taruwa. In ka ga tsaga, ko da siririya ce, magana ta canza: sai an kwance notocin da suka riƙe jiki, a ɗaga shi a kan katako masu kauri, a jawo shasin waje a kai wa mai walda. Kada ka bari a yi walda jikin yana zaune a kai. Rezin, wato danƙon da ake haɗawa da zaren faiba a zuba jikin, yana cin wuta, in ya kama kuwa ba ka da tirela.

Sai aksil. Yawancinsu ba su da sifirin irin na ganye, roba ce aka cusa cikin bututun ƙarfe, ita ke shanye gargada. Robar nan da shekaru takan bushe ta sandare. Gwajin ba wuya: ka ɗaga gefe ɗaya da jak ka kalli taya. In ta ɗan sauko daga jikin kafin ta bar ƙasa, da sauran rai. In ta tashi tare da jikin ƙiƙam, robar ta mutu, kuma ba a gyara ta, sabon aksil ake sawa. Mutane suna raina wannan, alhali aksil da ya mutu shi ke tsaga shasi, shi ke karya ribit, shi ke buɗe kabad a hanya. Boris ɗin tayoyi kuma ka fitar ka wanke ka duba, ka sa sabon giris. Taya kada zanenta ya ruɗe ka, ta ajiya takan tsufa da zanenta cif. Duba gefenta inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In lambobi uku ka gani, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta. Ni dai wadda ta haura shekara shida ba na hawa babban titi da ita.

Yauwa, sai maganar ruwa, wato warin da kake ji. Jikin faiba ba ya yoyo da kansa, ta hujin da ɗan'adam ya yi masa ruwa ke shiga: tagogi, murfin iska na sama, fitilu, ɗamarar tsakiya, da kowane ribit. Ka sa mutum a ciki da tocila, kai kana waje da tiyo. Ka fara jiƙawa daga ƙasa kana hawa a hankali. In ka fara daga rufi ruwan zai gangaro ko'ina, ba za ka san ta ina ya shiga ba.

Taga mai yoyo ciro ta ake yi gaba ɗaya, a kankare tsohon danƙo, a shimfiɗa sabon tef ɗin butil, wato danƙon roba mai laushi da ke tare ruwa, a bakin firam, a mayar a ɗaure a hankali har ya ɗan tsattsafo, a yanke rarar. Don Allah, don Annabi, ka nisanci silikon. Na ga a hotonka wani ya riga ya lafta shi zagaye da tagar baya. Silikon yakan saki jikin faiba bayan ɗan lokaci, ruwa ya bi ta bayansa, sannan inda ya taɓa zama babu abin da zai ƙara kamawa, ko fenti, ko sabon silikon ɗin kansa. Kankare shi kaɗai zai ci maka yini. Ribit kuma ɗaya bayan ɗaya za ka huda ka cire ka maye gurbinsa, da ɗan butil a ƙarƙashin kai. A nan masu wannan aiki sun rabu biyu. Wasu sun ce a sa noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, an huta. Wasu sun ce a mayar da ribit na alminiyam, don in an sha wuya gara ribit ya karye da jikin ya tsage. Ni ina tare da na biyun a wuraren da ke motsi, amma in ka zaɓi noti, ka sa wasa mai faɗi kuma kada ka ɗaure har faiba ta yi ƙara.

Yanzu dalilin da ya sa na ce kada ka kwance kabad. A irin waɗannan tireloli, dogon kabad ɗin nan na kusa da ƙofa, da sandar da ke tsakanin teburin kicin da kabad na sama, ba ado ba ne, su ke tallafe da rufi da bango. Ka cire su ka bar ta wata biyu, rufi zai zauna, bango ya buɗe, ƙofa ta ƙi shiga gurbinta. Ina ma zargin ƙofarka da ba ta zama daidai daga nan ne, ko wani ya taɓa cire wani abu, ko daɓen da ke ƙarƙashin bakin ƙofar ya ruɓe. In dole sai ka fitar da su, ka fara kafa katako daga daɓe zuwa rufi da faffaɗan allo a samansa, ka auna faɗin ƙofa sama da ƙasa ka rubuta a takarda, ka ɗauki hoton komai kafin ka taɓa.

Daɓe filawud ne. Ka bi shi da sukundireba kana dannawa, musamman bakin ƙofa, ƙarƙashin tagogi da kusurwoyi. Inda ya yi laushi ka yanke har ka iske lafiyayyen katako. Sabon da za ka sa ya zama irin wanda ke jure ruwa, ka shafe shi da rezin sama da ƙasa da bakin yanka, don ta baki yake shan ruwa, sannan ka ɗinke shi da bango da zirin faiba. Af, wani abu: in ledar daɓen ta asali ce ta shekarun 1970, kada ka gurje ta da inji, wasu na wancan zamanin akwai asbestos a bayansu, ƙurarsa kuwa illa ce ga huhu.

Shi kansa facin faiba, wanda mutane suka fi tsoro, wallahi shi ya fi sauƙin koyo. Siraran tsagar nan da ke kan fatar waje kawai, yawanci ba su kai ciki ba, kada su hana ka barci. Huji ko tsagar da ta ratsa ita ce abin yi. Kada ka cika ta da fotin masu gyaran jikin mota, zai faɗo. Za ka gurje bakin wurin ne ya yi gangare, faɗin gangaren ya kai kaurin jikin sau 12. Wato in kaurin milimita 4 ne, ka gurje kusan santimita 5 ta kowane gefe. Ka goge da asiton, ka yanka faiba falle uku ko huɗu, kowane ya ɗan fi wani girma, ka jiƙa su da rezin ɗaya bayan ɗaya kana dannawa da buroshi ko 'yar rola har iska ta fita. Inda ya rage fari, rezin bai ratsa ba. In da hali ka yi facin ta ciki, waje ya rage ɗan gyaran fuska.

Rezin iri biyu ne, kuma nan ake yin ɓarna. Da foliyesta aka zuba jikin tun asali. Ifoksi ya fi shi kamu da ƙarfi, yana kuma kama tsohon foliyesta da kyau, amma foliyesta da jelkot, wato fatar waje mai launi da sheƙi, ba sa son zama a kan ifoksi. Saboda haka in wuri ne da za ka mayar masa da jelkot, tsaya kan foliyesta. Sannan faibar nan mai kama da tabarmar gashi, yawancinta an yi ta ne don foliyesta, shi ke narkar da abin da ya riƙe zarenta. In ifoksi za ka yi aiki da shi, nemi saƙaƙƙiya. Maganin da ke sa foliyesta ya daskare, MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, wato mililita 1 zuwa 2 a rezin mililita 100. Da sirinji ake aunawa, ba da ido ba. Ka riƙa dama kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa a kofi yakan ɗau zafi ya daskare kafin ka kai rabi. Da zafin rana yana saurin kamawa, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 15 kuma sai ya yi ta danƙo ya ƙi bushewa. Tabarau dole ne, ɗigon MEKP a ido yana iya makantarwa. Takunkumi mai matatar sinadari, safar hannu, riga mai dogon hannu, a buɗaɗɗen wuri, ba sigari ba wuta kusa.

Abin da aka manna a bangon ciki, ko soso ne mai fatar leda ko mai kama da kafet, in bai ruɓe ba ka wanke shi ka sake manna inda ya saki. Shi ke hana raɓa tsattsafowa a bango, kuma ɓare shi aiki ne da ba ka so.

Gas da wutar lantarki ba zan ja zance ba. Tsohon tiyo da regileta canza su kawai. Ka gwada kowace mahaɗa da kumfar sabulu, ban da ashana. Ka sa na'urar da ke ƙara in gas ya zuba, ƙasa-ƙasa kusa da daɓe don gas ɗin ya fi iska nauyi, da wata ta iskar kabon monoksaid. In akwai hita ko firij mai aiki da gas, wannan a kira wanda ya san aikin ya duba. Ta ɓangaren batir, fis ya zauna dab da kan batir a wayar fozitif. Kuma ka tuna wutar lantarki ba ta bi ta jikin faiba kamar yadda take bi ta jikin mota, kowace fitila sai da wayar at ɗinta. Fitilun baya da ke wasa, mafi yawa daga nan ne.

To sai fentin da kake ɗoki. Wataƙila ma ba ka buƙatarsa. Farin garin nan fatar jelkot ce rana ta ci. Zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka wanke, ka bi shi da samfefa mai laushi da ruwa, lamba 1000 sannan 2000, ka goge da man goge jikin mota, ka sa folish. Sau da yawa sai ka ga launin ya dawo da sheƙinsa. Ka dai yi a hankali, kaurin jelkot bai fi rabin milimita da 'yan kai ba, in ka ga duhu yana leƙowa ka tsaya. In ya riga ya cinye, ko faci ya yi yawa, sai fentin jirgin ruwa, bayan ka wanke duk wani tsohon folish da ragowar silikon.

Wajen gyaran ciki ka riƙa tuna nauyi. Katako mai kauri da tayil da ƙaton batir, kafin ka ankara ka wuce abin da aksil zai ɗauka. In ka gama ka kai ta sikeli. Nauyin da ke sauka kan wuyan ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta duka. In ka tara kaya a baya, wuyan ya yi sakayau, za ta riƙa wutsil-wutsil a bayan mota, kuma da gudu wannan ba abin wasa ba ne.

A wannan makon abu uku nake so ka turo mana: hoton inda shasin ya lanƙwasa, hagu da dama, bayan ka goge shi da buroshin waya, da lambar da ke jikin taya, da ɗan bidiyon tayar lokacin da kake ɗagawa da jak. Kafin nan ka rufe ta da tamfol, amma ka bar taga ɗaya a ɗan buɗe cikin ya sha iska. Sai na ji ka.